Fuskar Wa Za A Sa A Bango?

Yau kam da fushina na zo, kuma ina roƙon duk wanda maganata ta taɓa ya daure ya karanta har ƙarshe kafin ya zage ni, don ni kaina ban tsira daga laifin da zan faɗa ba.

Abin da ya jawo maganar shi ne, bara na kammala littafina na huɗu. Labarin wata bazawara ne mai 'ya'ya uku, mijinta ya sake ta da goyo, ta koma gidan ubanta ta kafa kaskon awara a ƙofar gida, da shi ta ci da yaran har ta sa su makaranta. Shekarunta 36 a cikin labarin, baƙa ce, hannunta duk tabon ƙunar mai. Da aka zo maganar bango sai na ce ni wannan karon ba na son zanen fure, ba na kuma son irin hoton nan da ake tsinta a waya a liƙa. So nake a ɗauki hoton mace ta gaske, wadda mai karatu yana ganinta zai ce lallai wannan ita ce ta cikin littafin. Aka yi min kwatancen wani mai hoto a cikin gari, aka ce gwani ne, masu atamfa da masu turare duk shi suke ba aiki. Na yafa mayafina na tafi.

Na zauna na ba shi labarin littafin tsaf, yana ta gyaɗa kai kamar ya gane. Ina gamawa sai ya juyo min da kwamfutarsa ya ce, "Hajiya kin zo gidan sauƙi, ga yarana nan, zaɓi wadda ta yi miki." Ya dinga wuce min da hotuna ina ƙirgawa, 'yan mata 23. Wallahi kai ka ce ciki ɗaya suka fito. Dukkansu farare sol, hanci dogo, gira an zane ta, kuma babbar cikinsu ba za ta haura shekara 20 ba. Na ce, "Malam, anya ka ji labarin da na ba ka kuwa? Bazawara fa na ce maka, mai suyar awara."

Sai ya yi dariya ya ce, "Hajiya ai labari daban, bango daban. Baƙa ba ta fita a hoto, ba ta kuma sai da kaya. Sannan ba kowace mace ce modal ba. In kina son kuɗinki su dawo ɗauki wannan mai kama da Larabawan, a ɗan ajiye mata kasko a gefe shi ke nan."

Maganganu uku ke nan ya faɗa a numfashi ɗaya, kuma ba shi kaɗai ke faɗarsu ba. Na ji su a bakin masu ɗab'i, na ji su a bakin 'yan kasuwar littafi, na ji su har a bakin 'yan uwana marubuta. Don haka zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Amma tukunna, laifi tudu ne, bari in fara sauka daga kan nawa. Na taso ina satar karanta littattafan Yayata, irin waɗanda suka cika kasuwar Kano a shekarun 1990, kuma har yau ina girmama iyayenmu da suka share mana wannan hanya. To amma mu faɗa wa juna gaskiya, yaya muke siffanta tauraruwar labari tun daga wancan lokaci zuwa yau? Fara, doguwa, hanci har baka, gashi har gadon baya, in an matsa a ce kakarta Balarabiya ce ko Buzuwa. In kuwa muka yi ƙarfin hali muka sa baƙa sai mun biyo da "amma": baƙa ce amma kyakkyawa. Muguwar kishiya kuwa ba sai an tambaya ba, gajera ce baƙa ƙirin mai faffaɗan hanci. Ni da nake wannan surutu haka na yi a littattafaina biyu na farko, alhali ni wankan tarwaɗa ce, uwar da ta haife ni kuma baƙa ce, kuma ban taɓa ganin macen da ta fi ta kyau ba. Saboda haka mai hoton nan ba daga sama ya samo ra'ayinsa ba, da hannunmu a ciki.

To maganarsa ta farko, wai baƙa ba ta fita a hoto. Wannan magana tana da asali, sai dai asalin nata ba a jikin baƙar mace yake ba. Tun wajen shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka, wanda fim ɗinsa ya cika duniya a wancan zamani, yana raba wa masu wankin hoto wani kati mai ɗauke da hoton wata Baturiya, ana ce masa katin Shirley, sunan matar da aka fara ɗauka. Da wannan katin ake saita injin wanki. In fatar Baturiyar ta fito daidai to inji ya daidaitu, saura kuma kowa ya fito yadda Allah Ya nufa. Shi ya sa a tsofaffin hotuna masu launi za ki ga baƙin mutum ya zama duhu kawai, sai ido da haƙori. Masu bincike sun nuna cewa cikin abin da ya tilasta wa kamfanin gyara fim ɗinsa har da ƙorafin masu sai da cakulan da masu kayan katako, don launin hajarsu ba ya fita a talla. Ki ji fa, sai da katako ya yi kuka aka waiwayi launinmu! Katin da ya haɗa mata uku, baƙa da fara da 'yar Asiya, sai a tsakiyar shekarun 1990 ya fito.

Yau kuwa an bar zamanin fim, kyamarar kwamfuta ake yi, mai hoto yana ganin abin da ya ɗauka nan take, yana da damar gyara haske sau goma kafin ya sake dannawa. Duk wanda ya san aikinsa ya san in ka tsai da baƙar mace a gaban farin bango ka watsa mata fitila a tsakar fuska, goshi zai yi ƙyalli sauran fuskar ta dushe. In kuwa ka zaunar da ita a bakin ƙofa da hantsi ko bayan la'asar, haske ya zo ta gefe, aka riƙe farin ƙyalle a ɗaya gefen yana mayar da hasken, to fatar za ta fito da sheƙinta kamar an shafa mata man kaɗe. Ashe ke nan in hoto ya ƙi kyau mai hoton za a tuhuma.

In ana son shaida a je Bamako ta ƙasar Mali. Akwai wani mai hoto Seydou Keita da ya buɗe shagonsa a 1948. Yawancin aikinsa a tsakar gida yake yi da hasken rana, ya rataya zane mai ado a baya, kuma sau da yawa ɗauka ɗaya yake wa mutum saboda tsadar kayan aiki. Su wa yake ɗauka? Mutanen gari, matan aure, 'yan kasuwa, amare, tsofaffi da jikokinsu, baƙaƙe irina irinki. Yakan ajiye rediyo da agogo da babur a shagon, wanda yake so ya ara ya riƙe. Kafin ya rasu a 2001 hotunan nan nasa sun shiga manyan gidajen nuni na Turai da Amurka, har yau kuma ana sayensu da kuɗi masu nauyi. Babu 'yar gasar kyau a cikin matan. Gwanintarsa ita ce ya dubi mace ya gane ta wane gefe za ta zauna, ina za ta ajiye hannu, yaya za ta karkata kai martabarta ta fito. Shi mutumin Bamako da tsohuwar kyamara ya iya, kai da kwamfuta da fitilu huɗu ka ce baƙa ba ta fita? Haba Malam!

Magana ta biyu, wai baƙa ba ta sai da kaya. A nan ba zan yi ƙarya ba, ɗan kasuwa ya san abin da yake gani a teburinsa, kuma akwai masu saye da farar fuska ce ke tsai da su. Amma wa ya koya wa idonsu hakan? Shekara da shekaru muna liƙa musu 'yan fim ɗin Indiya a bangon littafi da kalanda da kwalin sabulu, sannan mu dawo mu ce ai su suke so. Ido abin da aka saba masa shi yake nema, kuma yana sake sabo. A 1997 mujallar Elle ta sa wata yarinya 'yar ƙabilar Dinka mai suna Alek Wek a bangonta. Daga garin Wau take, a ƙasar da yanzu ake kira Sudan ta Kudu, yaƙi ya koro ta Landan, baƙa ce wuluk da ɗan guntun gashi. Mutane da yawa sun yi mamaki, amma ta zama ɗaya daga manyan masu tallan kayan ƙawa na duniya. A 2014 'yar fim ɗin nan ta Kenya Lupita Nyong'o ta faɗa a bainar jama'a cewa tana yarinya har addu'a take Allah Ya sa ta wayi gari ta yi haske, kuma ganin Alek ne ya fara sauya mata tunani. A nan gida ma, hukumar da ke kula da harkar talla a Najeriya ta hana amfani da 'yan ƙasashen waje a tallan da za a yi wa 'yan Najeriya tun daga 1 ga Oktoba 2022. To an hana ɗauko Baturiya, mu kuma sai muka koma neman wadda ta fi kama da ita a cikinmu.

Kuma wannan cinikin da ake taƙama da shi, wa ke biyan kuɗinsa na gaskiya? 'Ya'yanmu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo rahoto a 2011 cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da man sa fari, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Wasu mayukan akwai sinadarin makuri a ciki mai lalata ƙoda, wasu kuma suna sa fata ta yi sirantar da ko ɗinki ba ta riƙewa. Duk mun san su, fuska ja, gaɓoɓin yatsa baƙi, in rana ta yi su kasa fita. 'Yar ƙanwata mai shekara 9 ta taɓa ɗaukar ɗaya daga littattafaina ta ƙura wa bangon ido, sannan ta ce min, "Umma ƙarama, ni in na girma zan yi fari kamar wannan?" Littafina ne fa, da kuɗina na buga shi. Ranar ban iya cin abincin dare ba.

Sai magana ta uku, wai ba kowace mace ce modal ba. To a nan na yarda da shi, amma ba ta inda yake nufi ba. Shi a wajensa modal wata halitta ce da ake aunawa da tsawon hanci da hasken fata, kamar mai zaɓen tumatir a kasuwar 'Yankaba. Ni kuwa a ganina abu uku ke sa a kira mace da wannan suna.

Na farko, ta dace da abin da hoton yake son faɗa. Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska, to in fuskar ba ta san labarin ba me za ta faɗa? Yarinya 'yar shekara 19 da ba ta taɓa hura wuta ba, ko kasko goma ka jera mata ba za ta zama bazawarar littafina ba. Mai tallan lalle hannu yake nema, mai tallan tabarau ido da karan hanci, mai son nuna tsufa da dattako tamoji yake nema. Akwai wani shahararren mai hoto ɗan Najeriya, J. D. Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014. Tun daga 1968 ya shiga ɗaukar hoton kitson mata, ya tara kusan dubu, kuma akasarinsu ta ƙeya ya ɗauka, ko fuska ba a gani. Hotunan sun zaga duniya. Wace ce modal a wajensa? Duk macen da ta zauna aka yarfa mata kitso mai kyau. Sannan kowa ya tuna abin da ya faru a Legas farkon 2016, lokacin da mai hoto TY Bello take ɗaukar mawaƙin nan Tinie Tempah a kan titi, sai wata mai tallan burodi Olajumoke Orisaguna ta gifta da kayanta a ka ta shiga cikin hoton. Da aka duba sai aka ga ita ta ƙawata shi. Aka nemo ta, cikin 'yan makonni ta hau bangon mujalla. Jiya mai burodi, yau modal, kuma hancinta bai ƙaru ko da ƙwayar gero ba. Idon mai hoton ne ya iya gani.

Na biyu, ta iya aikin, don aiki ne. Masu cewa ai tsayawa ce kawai a yi murmushi ba su taɓa gwadawa ba. A zaunar da ke awa biyu a gaban fitila mai zafi, a ce ɗaga haɓa, sauke kafaɗa, kalli can, kar ki motsa, yi kamar kina tunanin wanda ya rasu, a sake, a sake, har wuyanki ya ƙage, kuma duk da haka idonki bai mutu ba. Wata kyakkyawar tana ganin kyamara sai ta sandare kamar an kama ta da sata. Wata kuwa da ba a kallonta sau biyu a hanya, tana zama sai ta cika hoton. Wannan baiwa ce da haƙuri da koyo, kuma mai yin sa ya cancanci lada kamar tela da makitsiya.

Na uku, kuma shi ne babba, ta sani, ta yarda, an biya ta. In babu wannan to sunanta wadda aka zalunta. Kafin in bar shagon mutumin nan na tambaye shi, "Malam, su yaran naka nawa kake ba su?" Ya ce, "Kuɗin mota, sai in wanke musu hoto biyu kyauta, ai su daɗi suke ji." Ni kuwa naira dubu arba'in ya yanka min a kan hoto ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na ce, "To duk sun san ana sayar da hotunan nasu?" Sai ya hau gyaran wayar fitila, bai amsa ba.

Shirun nan nasa na san fassararsa, don na ga abin da ya haifar a unguwarmu. Wata yarinya 'yar maƙwabta, marainiya, ta je shagon hoto da ƙawayenta ranar Sallah, ta biya kuɗinta aka ɗauke ta. Mai shagon ya ga hoton ya yi kyau ya kafa shi a ƙofa. Daga nan ba wanda ya san hannu nawa ya bi, sai ga fuskarta a jikin robar maganin mata, an ƙara mata fari a kwamfuta, ana yawo da shi gidajen biki. Lokacin saura wata biyu ɗaurin aurenta, an kawo lefe. Wata gwaggon angon ta ga robar, ta kai gida ta dire a gaban mahaifinsa. Rantsuwa babu irin wadda yarinyar nan ba ta yi ba, uwarta ta bi dangin mijin gida gida tana kuka, amma aka aiko a kwashi kaya. Mai shagon da aka tare shi cewa ya yi shi bai san komai ba, ƙila yaransa ne. Shi yana nan yana sana'arsa, mai magani ta sayar da hajarta, yarinya kuwa shekara guda ba ta leƙa ko zaure ba.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne. A 1984 wani Ba'amurke Steve McCurry ya ɗauki hoton wata yarinya 'yar Afganistan a sansanin gudun hijira a Fakistan, a 1985 mujallar National Geographic ta sa shi a bango, ya zama ɗaya daga hotunan da aka fi sani a duniya. Ko sunanta bai rubuta ba. Sai a 2002 aka nemo ta aka ji sunanta Sharbat Gula, kuma sai a lokacin ta fara ganin hoton, bayan duniya ta shekara 17 tana kallonta. Ita ma Olajumoke mai burodi, a 2024 ta fito ta ba da labarin wahalar da ta faɗa bayan hayaniyar ta lafa. Hoto yana daɗewa yana kawo kuɗi, mai fuskar kuwa an manta da ita.

Ku sani 'yan uwana mata, doka ma tana bayanku. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ce wanda ya sa aka ɗauke shi hoto don amfanin kansa da iyalinsa yana da ikon hana a buga hoton ko a baje shi ko a rarraba wa jama'a, sai in da wata yarjejeniya aka yi. Wato hoton Sallah da kika biya, mai shago ba shi da hurumin kafa shi a ƙofa in kin ce a'a, balle ya sayar. Kuma a'a ɗin nan ita ce darajar sana'ar. Halima Aden, 'yar asalin Somaliya da aka haifa a sansanin Kakuma na Kenya, ta shiga tallan kayan ƙawa a Amurka da sharaɗin ba za ta cire hijabi ba, da ta ga ana ta rage mata shi da dabara sai ta ajiye aikin a 2020 tana tsakiyar tashe. Wadda ba ta da bakin ƙi, ba a ce ta yarda ba.

Na san wani zai ce, to ke me ya kai mace hoto tun farko, ba gara ta zauna a ɗakinta ba? Hukuncin hoto na bar wa malamai, su suka san shi. Macen da ta ce ita ba ta so, ko mijinta ko mahaifinta bai amince ba, ta yi daidai, kada wanda ya matsa mata. Faɗana da munafunci ne. Mutum ya tsaya gaban teburin littafi ya zaɓi wanda yarinyar bangonsa ta fi kyau, ya kafa kalanda a shagonsa yana kallo shekara guda, sannan in aka ce ga yarinyar nan ɗanka yana so, ya ce Allah Ya kiyaye, 'yar hoto ce. Kai ka saya, wani ya ɗauka, wani ya buga, kowa ya ci riba, zagi kuma na mutum ɗaya. In abin laifi ne to ku raba shi daidai, in kuwa sana'a ce ku biya ta ku kama bakinku.

Don haka ga roƙona. Masu hoto, ku fara tambayar me hoton zai ce kafin ku buɗe albom, ku koyi haska baƙar fata, ku daina kankare fuskar mutane a kwamfuta har uwar da ta haife su ta kasa gane su. Hoton da aka biya ku kuka ɗauka amana ce a hannunku. Marubuta 'yan uwana, mu daina tsintar fuskar 'yar mutane a Facebook da Instagram muna liƙawa a littafi, ko na takarda ne ko wanda ake sayarwa ta waya, kuma mu cire "amma" ɗin nan daga bayan baƙa. Ku kuma 'yan mata, duk wanda ya ce zai mai da ke tauraruwa ki tambaye shi, a ina za a sa hoton, har tsawon yaushe, nawa ne nawa? A rubuta a takarda, a karanta a gaban babbanki, ki riƙe kwafi. Wanda ya ƙi rubutawa ya riga ya gaya miki ko shi wane ne.

Watakila mai karatu zai so jin yadda na ƙare da bangon littafina. Na bar shagon nan ban ɗauki kowa ba. Kwana uku bayan nan na aiki yaro sayen awara ya daɗe, na bi sawu, sai na tarar da mai awarar layinmu tana juya kasko, hayaƙi na dukan fuskarta, ta kawar da kai gefe tana yi wa 'yarta faɗa. Shekara shida ina sayen awararta ban taɓa kallonta ba sai ranar. Na gaishe ta na ce, "Yaya, wata alfarma na zo nema." Na yi mata bayani duka, har da abin da ya sami yarinyar unguwarmu, don kada in rufe ta. Ta yi shiru, can ta ce, "Ƙanwata, ni da wannan fuskar?" Na ce, "Ita nake so." Ta ce sai ta shawarci wanta da babban ɗanta.

Bayan mako ta aiko ta yarda, da sharaɗi uku. Da mayafinta za a ɗauke ta kuma ta gefe, littafin nan kaɗai za a sa, sannan kada a mai da ita fara, don a cewarta ba ta son 'ya'yanta su ga hoton su ce wace ce wannan. Muka rubuta, ɗanta ya karanta mata, ta dangwala hannu, na biya ta naira dubu ashirin. Wata yarinya mai koyon hoto ce ta ɗauka, a ƙofar gidan da hantsi, ƙanenta na riƙe da farin zanin gado a gefe. Tabon hannun nan duk ya fito, ban bari an goge ko ɗaya ba.

Ba zan ce muku littafin ya fi sauran kasuwa ba. Wani ɗan kasuwa ma cewa ya yi in canza bango ko in kwashe kayana, na kwashe. A hankali dai yake tafiya, har yanzu da saura a ƙarƙashin gadona. Amma ranar da na kai mata kwafinta ta goge hannu a zani ta karɓa, ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙa wa 'yarta ta ce a kai ɗaki a sa a cikin akwati kada mai ya taɓa.

Wanda na ɓata wa rai ya yafe ni, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane kamar yadda muke so a riƙe ta namu, Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.